Cire indomi daga salansa: da gaske yana ƙara wa mota ƙarfi?

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai mota a Najeriya ya koma lissafin kowace lita, kuma duk shawarar da aka ce za ta rage shan mai ko ta ƙara wa mota ja tana samun masu saurare. Cikin waɗanda suka fi yawo a gareji har da ta cire indomi, wato na'urar rage gubar hayaƙi da ke jikin salansa. Mota ta fara nauyi a kan hawa, an kai ta wurin bakanike, ya taka totur ya kasa kunne, sai ya ce: "Alhaji, indomin ne ya toshe. A fasa shi kawai, motar za ta saki." Bakaniken da ke rumfar gaba kuma zai rantse cewa duk motar da aka cire wa indomi ta zama rijiyar mai. Ga kuma bidiyoyin masu gyaran motocin gudu a Amurka da Ingila, suna yanke na'urar su sa miƙaƙƙen bututu, motar tana ruri har tana tofar da wuta. Su ma hukumomi sun daɗe suna maganar fara gwajin hayaƙin motoci.

Abin da ya dagula zancen shi ne ayyuka uku ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai mai cire lafiyayyen indomi don neman ƙarin ƙarfi, akwai mai cire wanda ya riga ya mutu don motarsa ta iya tafiya, akwai kuma mai cirewa don ya sayar. Hujjar da ta dace da ɗaya ba ta dace da sauran ba, amma a bakin gareji ana aron ta wannan a kare wancan.

Mene ne indomi

Injiniyoyi suna kiran na'urar katalitik kombata, kanikawa su gajarta su ce katalis. Sunan indomi ya fito ne daga kamannin cikinta. Idan aka fasa gwangwanin da ke jikin bututun salansa, za a tarar da wani dunƙule mai dubban ƙananan ramuka, kamar busasshiyar taliyar Indomie kafin a jefa ta a tukunya. Dunƙulen na tangaran ne, an tsara shi kamar saƙar zuma, kuma a yawancin motocin gida akwai rami 400 zuwa 600 a kowane inci murabba'i. An shafe bangon ramukan da siririn rufi mai ɗauke da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Duka-duka 'yan giram ne.

Mutane da yawa sun ɗauka rariya ce mai tace datti ta riƙe shi, shi ya sa suke ganin dole wata rana ta cika. Ba haka aikinsa yake ba. Indomi ba ya riƙe komai, sauya hayaƙin yake yi yayin da yake wucewa. Injin fetur yana fitar da guba iri uku. Ta farko kabon monoksayid, iskar nan marar launi marar wari da ke kashe iyali guda idan aka kwana da janareto a cikin gida. Ta biyu ragowar fetur da bai ƙone ba, wanda a cikinsa akwai benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Ta uku oksayid na naitirojin, mai ƙona hanyar numfashi da tayar da asma. Idan waɗannan suka gogi ƙarafan nan cikin zafi, na farko da na biyu sukan koma kabon dayoksayid da tururin ruwa, na uku ya koma naitirojin, wanda dama shi ne mafi yawan iskar da muke shaƙa. Lafiyayyen indomi da ya ɗauki zafi yana kawar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na gubar uku.

Sai dai yana da sharaɗi biyu. Ba ya fara aiki sai ya kai zafin digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Selsiyos, shi ya sa masu ƙera motoci suka riƙa matso da shi kusa da inji, har a motoci da yawa yana haɗe da manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga bakin inji. Sannan dole cakuɗin iska da fetur ya tsaya daidai, wato kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur a nauyi. Mai tsare wannan ma'auni ita ce sensar oksijin da ke gaban indomi, wadda ke aika wa birenbos, wato kwamfutar motar, labari ba tsayawa. Akwai sensa ta biyu a bayansa, ita kuma babban aikinta duba ko indomin yana aiki. Wannan ta biyun za ta sake fitowa a zancen shan mai.

Inda zancen ƙarin ƙarfi ya samo asali

Maganar cewa indomi yana shaƙe mota ba ƙirƙira ba ce. Tana da tarihi, kuma a zamaninta gaskiya ce.

A shekarun 1940 da 1950 wani hazo mai yaji ya addabi birnin Los Angeles, yana sa idanu hawaye yana lalata amfanin gona. Wani masanin kimiyya a jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da hasken rana ya haifar da shi. A daidai lokacin injiniya Eugene Houdry, haifaffen Faransa mazaunin Amurka, ya ƙirƙiro na'urar sauya hayaƙi, amma ba ta samu shiga ba, domin fetur ɗin zamanin yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma lulluɓe ƙarafan take yi ta kashe su. Sai da Amurka ta yi dokar tsaftar iska ta 1970, aka samar da fetur marar dalma, sannan daga motocin 1975 indomi ya zama ruwan dare. Nau'in da ke maganin gubar uku a lokaci guda, wanda John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard suka yi aiki a kansa, ya fara fitowa a motocin Volvo a ƙarshen shekarun 1970. Tarayyar Turai ba ta wajabta shi ba sai da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 1 ta 1992.

Na'urorin farko da yawa, musamman na kamfanin General Motors, ba saƙar zuma ba ce a cikinsu. Tulin ƙananan duwatsu ne kamar tsakuwa, hayaƙi yana kutsawa ta tsakaninsu da ƙyar. A lokacin kuma aka rage matsin injina don su iya shan fetur marar dalma, aka kuma sauya yadda ake auna ƙarfin doki a 1972, lambobin suka faɗo. Motar Corvette ta 1975, da injinta mai lita 5.7, ƙarfin doki 165 kacal take bayarwa. Direban da ya saba da motocin shekarun 1960 ya ga ƙarfi ya tafi a daidai lokacin da indomi ya zo, ya ɗora masa laifin duka. Wanda ya cire irin wancan indomin kuwa ya kan ji bambanci na gaske.

Yau Corvette Z06 ta 2023, da inji mai lita 5.5 ba turbo, tana bayar da ƙarfin doki 670, kuma da indominta take fitowa daga masana'anta. Bugatti Chiron mai ƙarfin doki 1,500 haka. Ko motocin gasar rali ta duniya da indomi suke tsere. Na'urar ta sauya ƙwarai, labarin da ake bayarwa a kanta ne ya tsaya a inda yake.

Abin da awo ke nunawa

Inji famfon iska ne: ya zuƙa, ya matse, ya ƙona, ya fitar. Duk abin da ya tsaya a hanyar fita yana sa fistin ya kashe wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tura hayaƙi. Don haka ba a musu cewa indomi yana ɗan tare hanya. Tambayar ita ce nawa yake tarewa, kuma a wane gudu.

A motar gida marar turbo, irin Corolla ko Camry ko Accord da suka cika titunanmu, an auna girman indomin daidai da hayaƙin da injin zai iya fitarwa. Idan aka ɗora irin wannan mota a kan daino, wato na'urar da ke auna ƙarfi ta hanyar juya tayoyi a kan nadi, ribar cire lafiyayyen indomi ba ta wuce 'yan dawakai ƙalilan, su ma a can ƙololuwar juyin inji, inda mai kai yara makaranta ko mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ba ya zuwa. A ƙananan juyi, inda ake yin kusan duk tuƙin yau da kullum, hayaƙin bai kai yawan da indomi zai tare shi ba.

A wasu lokutan ma hasara ake yi. Yadda aka fi cirewa a garejinmu shi ne a sauke gwangwanin, a zura rodi a farfasa tangaran, a zazzage, a mayar da fanko. Hayaƙin da ke tafe da gudu cikin siririn bututu sai ya faɗa cikin faffaɗan kogo, ya watse, ya yi ta juyi kafin ya sake samun hanya. Gudun hayaƙin nan kuwa yana da amfani, domin kowane bugu da ya wuce yana barin ɗan zuƙo a bayansa da ke taimaka wa silinda ta gaba ta fitar da nata. Daga nan ne wasu kanikawa suka samo cewa "inji yana son a ɗan toshe masa". Ba toshiya yake so ba, gudun hayaƙi yake so, kuma fankon gwangwani yana rage shi.

A motar turbo lissafin ya bambanta, kuma a nan ne masu gyaran motocin gudu suke da hujja mai ƙarfi. Turbo fanka ce da hayaƙi ke juyawa, ita kuma ta ɗura wa inji ƙarin iska. Ƙarfin juyinta ya dogara da bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta, don haka duk abin da aka sassauta a bayanta yana sa ta tashi da wuri. Idan aka sauya bututun da ke bin turbo, aka kuma sake rubuta manhajar birenbos don ta ƙara matsi da mai, ana samun ƙarin ƙarfi da direba zai ji a jikinsa. Amma kaso mafi tsoka na wannan ƙari daga sabuwar manhajar yake fitowa. Kuma akwai indomi na musamman mai saƙar ƙarfe da manyan ramuka, 100 zuwa 300 a inci murabba'i, wanda ke bayar da mafi yawan wannan riba ba tare da an bar bututu fanko ba, ko da yake bai kai na asali tsaftace hayaƙi ba. Wanda ya cire ba tare da gyaran manhaja ba kuma yana iya sa turbo ta wuce matsin da aka tsara mata.

Akwai kuma kunne. Indomi yana rage ƙara, idan aka cire shi motar takan yi amo mai kauri. Ɗan Adam yana haɗa ƙara da gudu, kuma wanda ya biya kuɗin aiki yana sauraron motarsa da kyakkyawan zato. Agogo da daino ne kawai ke raba gardama a nan.

Motar da ta saki bayan an fasa

To me ya sa mutane da dama suke ba da shaida cewa motarsu ta dawo sabuwa bayan an cire? Gaskiya suke faɗa. Nasu indomin ya riga ya toshe ne. Motar da indominta ya narke takan tashi lafiya, ta yi salo lafiya, amma da an nemi ta ja sai ta riƙa nishi, ta kasa wuce wani gudu, ƙasanta ya yi zafi. Idan aka buɗe mata hanya dole ta saki. Ƙarfin da ta samu nata ne na asali da ya dawo, ba a ƙara mata ko doki ɗaya ba.

A nan ne ake kashe maciji ba a sare kansa ba. Indomi ba shi da abin da ke juyawa ko gogewa, kuma an yi shi ne ya daɗe. A Amurka doka ta tilasta wa masu ƙera motoci ba da garantin shekara takwas ko mil 80,000 a kansa, kusan kilomita 129,000, kuma da yawa suna wuce haka nesa. Idan ya mutu da wuri, kusan kullum wani abu ne daga inji ya kashe shi. Fulogi ko koyil da ya daina ba da wuta yana sa ɗanyen fetur ya gangaro ya kama ci a cikin saƙar har tangaran ya narke. Nozul mai yoyo haka. Injin da ke shan baƙin mai yana aiko da sinadaran da ke lulluɓe ƙarafan. Gasket da ya ƙone yana aiko da ruwan lagireto. Dukan dutse ko tudun rage gudu yana fasa shi, haka ma shiga ruwa mai zurfi da salansa mai zafi lokacin damina.

Idan aka fasa indomin aka bar fulogin da ya mutu, ɗanyen fetur zai ci gaba da wanke bangon silinda yana tsinka baƙin mai. Abin da ya ɓace kawai shi ne alamar da ke nuna akwai matsala. A motocin da indomi ke manne da manifol akwai ƙarin haɗari: garin tangaran da ya rage bayan farfasawa yana iya komawa cikin silinda, shi kuwa kamar yashi yake ga ringin fistin.

Kuma ba duk motar da ta yi nauyi ce indominta ya toshe ba. Famfon mai da ya gaji, matatar mai da ta cushe, sensar iska mai datti, duk suna kawo alamu masu kama da haka. Tabbatarwa ba ta da wuya. Ana kwance sensar gaba a ɗaura agogon matsi a raminta a taka totur, ko a bar ramin a buɗe na ɗan lokaci a ga ko motar za ta saki. Bakaniken da ya yanke hukunci da kunne kaɗai bai gama bincike ba.

Shan mai

Masu cewa cirewa yana rage shan mai da masu cewa yana ƙarawa, kowa yana ba da labarin motar da ya gani. Idan indomin ya toshe, buɗe hanya zai rage shan mai, domin injin ya daina kokawa da hayaƙinsa. Idan lafiyayye ne, babu wani ragi na a zo a gani, saboda sensar gaba ce ke tsara yawan mai, kuma ba ta san an cire komai ba.

Ƙarin shan mai kuwa yakan biyo ta bayan gida. Walda marar kyau kusa da sensa tana barin iskar waje ta shiga, sensar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara. Wani lokaci sensar kanta ake lalatawa wajen aikin. A wasu motocin birenbos yana amfani da sensar baya wajen ɗan daidaita mai. Sannan tun daga motocin 1996 na kasuwar Amurka, da zarar sensar baya ta ga hayaƙi bai sauya ba sai ta kunna wutar cek a dashbod, ta ajiye lambar P0420. Mai motar yakan saba da wutar, ko a cire masa ƙwan, ko a yi wa sensar dabara. Daga ranar, duk wata sabuwar matsala da ta taso ba ta da hanyar sanar da shi.

Kuɗin da ke cikin gwangwanin

Ba a fahimtar yawan cire indomi a Afirka ta Yamma sai an dubi kasuwar ƙarafa. Afirka ta Kudu ce ke haƙo mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, Rasha kuma tana bayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na faladiyam. A Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 kowane oza, fiye da ninki goma na zinariya a lokacin. Farashin ya faɗo daga baya, amma tsohon indomi bai daina zama kaya mai daraja ba. A Amurka hukumar da ke bin laifukan inshora ta ƙirga rahoton satar indomi fiye da 64,000 a 2022 kaɗai.

Wannan kasuwa tana taɓa motocinmu tun kafin su hau jirgin ruwa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Su ma masu binciken gwamnatin Holan sun duba motocin da ake lodawa zuwa Afirka daga ƙasarsu, suka tarar da wasu an riga an yanke musu indomi. Ke nan motar Beljiyam ko ta Kwatano tana iya isowa fanko, mai saye bai sani ba.

Indomin da ya tsira daga can kuma yana iya salwanta a nan. Kanikawa masu amana suna da yawa, kuma wasunsu da zuciya ɗaya suke ba da shawarar cirewa, don haka suka koya. Amma duk inda mai ba da shawarar a cire abu shi ne zai sayar da abin, akwai dalilin neman ra'ayi na biyu.

Doka, da hujjar kowane ɓangare

A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta cire ko kashe duk na'urar rage hayaƙi, kuma gyaran da aka yi mata a 1990 ya shigar da mai motar kansa cikin haramcin. Tarar da aka rubuta a dokar dala 2,500 ce ga mutum, 25,000 ga dila ko mai ƙerawa, kuma ana ɗaga ta bisa hauhawar farashi. Hukumar muhalli ta EPA ta ƙiyasta a 2020 cewa an cire na'urorin hayaƙi daga motocin akori-kura na dizal fiye da 550,000 cikin shekara goma, abin da zai ƙara tan 570,000 na oksayid na naitirojin a iska. A Birtaniya motar da aka ƙera da indomi ba ta cin gwajin MOT na shekara-shekara idan babu shi, kuma tuƙa motar da aka sauya har ta daina cika ƙa'idar hayaƙi yana jawo tarar da ta kai fam 1,000.

Masu sha'awar motocin gudu suna cewa mota dukiyar mai ita ce, kuma motar da aka mayar ta tsere zalla, wadda ba ta hawa titi, bai kamata dokar titi ta bi ta ba. Ƙungiyar SEMA ta masu kayan gyaran motoci ta goyi bayan wani ƙudiri mai suna RPM Act tun 2016 don a rubuta wannan a doka, amma majalisa ba ta zartar da shi ba. Amsar hukumomi ita ce kayan da ake sayarwa da tambarin "na tsere kawai" sun ninka yawan motocin tseren da ke akwai, wanda ke nuna a kan titi suke ƙarewa.

Masu sukar na'urar suna da wasu hujjojin da ba a musantawa. Indomi ba ya rage kabon dayoksayid, don haka ba maganin ɗumamar yanayi ba ne. A mintunan farko bayan tayar da mota da safe kusan ba ya aiki. Haƙar ƙarafansa tana da nata lahanin. Amma hujjar "mota ɗaya ce, me za ta ƙara" lissafi ba ya goyon bayanta: idan na'ura tana kawar da kashi 90, motar da aka cire wa tana fitar da gubar mota goma.

Hujjar da ta fi nauyi a wajenmu ta talaka ce. Sabon indomi na asali yana da tsadar da mai tasi ko ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba, na arha kuma sau da yawa ƙarfen cikinsa bai taka kara ya karya ba. Man da aka daɗe ana sha ma bai taimaka ba. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama daina fetur mai dalma ba sai farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Binciken ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 ya gano dizal da ake sayarwa a Afirka mai farar wuta har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi, ita kuwa farar wuta tana dakushe aikin na'urorin hayaƙi. Mutumin da indominsa ya narke, motar kuma ita ce abincin gidansa, ba neman gudu ya kai shi ga fasawa ba.

Dokoki dai akwai su. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya tana da ƙa'idojin hayaƙin injinan fetur da dizal tun 2011. A 2020 ECOWAS ta amince cewa motocin da za a shigo da su su cika ƙa'idar Euro 4, mai kuma kada farar wutarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Motar fetur ba za ta iya cika Euro 4 ba idan babu indomi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo a kan titi, inda binciken mota ya fi karkata ga takardu da taya da fitila. Duk ranar da gwajin hayaƙi ya zama sharaɗin sabunta takardu da gaske, wanda ya fasa nasa zai sayi wani, a farashin wannan ranar.

Wanda hayaƙin ke samu

Salansa a baya take, don haka direba ne na ƙarshe da ke shaƙar abin da motarsa ta fitar. Masu shaƙa su ne ɗan adaidaita sahu da fasinjojinsa a cikin cunkoso, mai tallan ruwa da ke ratsa tsakanin motoci, jami'in da ke tsaye a mahaɗa tun safe, mai shago a bakin titi, da yaron da tsayinsa bai wuce bakin bututun ba da yawa. Lokacin hunturu, ƙurar da ta riga ta cika ƙirji tana haɗuwa da wannan. Binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum 11,200 a Legas a 2018, kusan kashi 60 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya sa motoci cikin manyan masu jawo ta, tare da masana'antu da janareto.

Mai motar ma bai fita ba. Kabon monoksayid yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya. Motar da ba ta da indomi, ga walda mai yoyo a ƙarƙashin kujera, ga gilashi a rufe an kunna sanyi ana jiran wani ko ana barci a ciki, haɗari ce ta gaske, musamman a garejin gida mai rufi. Ciwon kai da jiri a doguwar tafiya, ko warin ɗanyen fetur da ke kama tufafi, alamu ne da suka isa a duba ƙasan mota.

Ga mai sayen mota, dubawar ba ta cin lokaci. A ɗaga ta a ga ko akwai sabuwar walda ko yanka a jikin gwangwanin, a ƙwanƙwasa a ji ko fanko ne, a murɗa makulli kafin a tayar a tabbatar wutar cek tana kamawa sannan ta mutu bayan inji ya tashi, a sa na'urar sikanin a ga abin da sensar baya ke faɗa. Motar da aka tarar fanko kuɗinta ya kamata ya sauka da gwargwadon abin da za a kashe a mayar mata. Wanda kuma awo ya tabbatar nasa ya toshe, sai a fara gano abin da ya kashe shi a gyara, domin sabon da aka ɗaura a kan fulogi matacce zai bi sahun tsohon cikin 'yan watanni. Tsohon da aka sauke kuma na mai mota ne, ko ya narke ƙarafan suna nan a cikinsa, kuma kuɗin da masu saye za su biya yana rage wani abu daga kuɗin sabon.